Daga Bakin Akwati: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

  Ina gaida ƙungiyoyinmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da na ƙauyukan da takardar nan ke isa hannu zuwa hannu.

Yau maganar ta waɗanda suka ba shekara hamsin baya ce, da duk wadda ke da uwa ko uwar miji a gida. Tambayar ita ce: ranar da albashi ya tsaya, ko ranar da ƙafa ta daina kai ki kasuwa, wa zai biya kuɗin likita? Ana iya shirya amsar tun yanzu ta hanyar inshorar lafiya, wadda mu nan muka fi sani da asurans. Sai dai akwai abin da masu tallarta ba su cika faɗi da ƙarfi ba. Ƙofar inshora a buɗe take ga mai ƙuruciya da lafiya, kuma tana tsukewa ne daidai lokacin da mutum ya fara buƙatarta. Shi ya sa zaɓin yake son a yi shi shekara huɗu ko biyar kafin a aje aiki.

Ritaya ba ta ma'aikata kaɗai ba ce

In an ce ritaya, sai tunani ya tafi ga malamar makaranta ko ma'aikacin biro. Gaskiya ne su ke da ranar da aka rubuta a takarda; a ma'aikatun da ke ƙarƙashin CNSS, shekara 60 ce. Amma mai tuyar ƙosai da mai kai fura tasha da mai saran tumatir su ma suna da tasu ritayar. Ba a ba su takarda, gwiwa ce ke sanar da su, ko ido, ko baya.

A cikin ƙungiyoyinmu mata iri uku ne wannan magana ta shafa. Akwai wadda ita kanta ke aikin albashi. Akwai wadda ke zuwa likita da kati ko takardar wurin aikin maigidanta. Sai kuma mafi yawanmu, masu sana'ar hannu da ba su taɓa riƙe katin kowa ba. Ta farko da ta biyu suna da abin da za su iya rasawa, ta uku kuwa tana da abin da za ta gina. Kowace ta san layinta kafin mu ci gaba.

Ciwon tsufa iri biyu ne

Kafin ki zaɓi abin da zai rufa miki asiri, ki san irin ramin da kike son rufewa. Na farko shi ne ciwon da ke zaune, kamar hawan jini, wato tansiyo, da ciwon sukari da ciwon gaɓoɓi. Waɗannan ba a warkewa a manta, magani ne kowace rana, awo kuma lokaci zuwa lokaci. Mu ɗauka a misali maganinki na wata yana cin jikka 4. A shekara ya zama jikka 48, ban da kuɗin gwajin jini da kuɗin mota zuwa gari. Irin wannan kuɗi ba ya ba da tsoro a rana ɗaya, amma shi ne ke cinye jari a hankali. Shi ne kuma ke sa mace ta riƙa shan magani sati biyu ta huta sati biyu don ya daɗe mata, alhali tansiyon da ake wasa da maganinsa yana iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda.

Na biyu shi ne ciwon da ke faɗowa gaba ɗaya: aikin yanar ido, karaya, kwanciya asibiti ta sati biyu, turawa daga likitar gari zuwa babban asibitin Damagaram ko na Maraɗi ko Yamai. Nan ne ake saida tunkiya da rabin kuɗinta, don dillali ya ga gaggawa a fuskar mai ita. Nan ne ake cin bashin asusu a rasa yadda za a biya, jarin shekara goma ya tafi cikin wata ɗaya.

Akwai tsarin da ke ɗaukar na farko ya bar na biyu, akwai kuma mai yin akasin haka. Duk wadda ba ta rarrabe su ba, za ta biya kuɗin shekara sannan ta tarar ciwon da ya same ta ba ya cikin lissafi.

Abin da gwamnati ke ɗauka

Tun shekarun 2005 da 2006 aka mai da wasu ayyuka kyauta a asibitocin gwamnati: haihuwa ta hanyar tiyata, awon ciki, tsarin iyali, da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Daga baya aka ƙara da kansar da ke kama mata, irin ta mama da ta mahaifa. A 2024 kuma hukumomi sun rage kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati da rabi. Duk wannan sauƙi ne na gaske, kuma ya kamata kowace ta san haƙƙinta ta nema.

To amma ku duba jerin da kyau. Yawancinsa na mai ciki ne da na jariri. Mace mai shekara 58 da tansiyo da yanar ido ba ta cikin waɗanda ake yi wa kyauta. Ragin kuɗi ma a kan aikin asibiti yake. Takardar maganin da aka rubuta miki kika kai farmasi ta ƴan kasuwa, daga lalitarki za ta fito.

Haka nan kada a haɗa fansho da inshorar ciwo. CNSS tana biyan fansho, da kuɗin iyali, da diyyar haɗarin wurin aiki, kuma tana da wasu cibiyoyin shan magani nata. Amma ba ta da reshen da zai riƙa biya miki takardar magani kowane wata don kin yi ritaya. Ma'aikatan gwamnati kuwa fanshonsu yana hannun CARENI. Kuɗin fansho dai na cefane ne, kuma ya kan gaza albashin da aka saba.

In da katin wurin aiki kike zuwa likita

Wannan ita ce ƙofa ta farko. Kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu da dama suna saya ma ma'aikatansu inshora a dunƙule. Irin wannan kati yana bin aikin ne, ba mutum ba. Galibi ranar da sunan ma'aikaci ya fita daga takardar albashi, katinsa da na iyalinsa ya mutu. Don haka ke ma'aikaciya, ki je ofishin da ke kula da ma'aikata tun da sauran shekaru ki yi tambaya uku. Shin katin yana ci gaba bayan ritaya? In yana ci gaba, nawa zan riƙa biya da kaina? Kuma a wane wata ne zan nemi a maida shi da sunana kafin ya yanke? Ki roƙi a ba ki amsar a rubuce. Ma'aikaciyar gwamnati ita ma ta tambayi ma'aikatarta da ƙungiyar ƙwadagonta yadda takardar ɗaukar nauyi ke aiki bayan an aje aiki, da inda ake karɓarta.

Ke kuma matar ma'aikaci, maganar nan tana da nauyin baki, na sani. Ba kowace ke iya ce ma maigida "Malam, in ka bar aiki yaya za mu yi da likita?" ba. Amma a nemi lokacin da hankali ke kwance a yi ta. Ki san ko sunanki yana cikin katin da gaske, domin a gidan da ke da mata biyu ko uku ba lalle ne duka aka rubuta ba. Ki san kuma inda takardar aurenku ta ofishin magajin gari take. Ranar da rai ya yi halinsa, ita ce ake tambaya kafin a ba matar mamaci haƙƙinta, shaidar ƴan unguwa ba ta isa a biro.

Sannan kafin katin ya mutu, a ci moriyarsa. A je a auna jini da sukari, a duba ido da haƙori, a yi awon mama da bakin mahaifa. In akwai aikin da lokotoro ya daɗe yana cewa a yi, a yi shi yanzu.

Inshorar kamfani

Ƙofa ta biyu ita ce ki saya da kanki a kamfanin asurans. Ita ce ta fi faɗin abin da take ɗauka, ita ce kuma ta fi tsada, kuma an fi samun asibitoci da farmasin da ke karɓar katinta a manyan birane. Kwantaraginta na shekara ɗaya ne, ana sabuntawa, kuma kuɗin yana iya hawa yadda shekarunki ke hawa. Kamfanoni da yawa suna da iyakar shekarun da suke karɓar sabon mutum. Ga wadda takardar haihuwarta ta ce "wajajen shekara kaza", shekarar da ke rubuce ita ce za a yi aiki da ita, don haka a duba ta tun yanzu.

Kafin ki sa hannu ko ki dangwala yatsa, ki tafi da ɗiyarki ko sakatariyar ƙungiya wadda ke karanta Faransanci, a karanta muku a fassara. Ga abin da za ku nema.

Kashi nawa suke biya? In sun ce 80 cikin 100, to takardar jikka 50 ke za ki biya jikka 10.

Ina iyakarsu a shekara? Wannan ya fi kashin muhimmanci. A misali, iyakar jikka 200 ce, aka yi miki aikin jikka 350. Kashi 80 na wannan kuɗi jikka 280 ne, amma ba za su wuce 200 ba, saura jikka 150 yana kanki.

Ciwon da kike da shi tun kafin ki shiga fa? Nan ne tarkon masu shekaru yake. Wasu ba su ɗaukarsa ko kaɗan, wasu sai da ƙarin kuɗi. Kada kuma ki ɓoye shi a takardar tambayoyi, domin in aka gano daga baya suna da ikon soke kwantaragin, ki yi biyu babu.

Wata nawa ake jira bayan an biya kafin kati ya fara aiki? Tiyata da tabarau da haƙori sukan fi daɗewar jira.

Kati ake nunawa a yi miki aiki, ko ke za ki biya a maida miki daga baya? In na biyun ne, sai kina da kuɗi a hannu ranar ciwo, kuma kowane rasi sai an adana shi.

Wane asibiti da wace farmasi ke karɓa a garinku? Katin da sai a Yamai yake aiki ba shi da amfani ga mutuniyar Madawa ko Magarya da tsakar dare. Waɗanda suka saba tsallakawa Katsina ko Kano ko Sakkwato neman magani su tambaya ko ana biyan abin da aka kashe a can.

In mai tallar ya ce "kada ki damu Hajiya, duka muna ɗauka", ki ce ya nuna miki layin da aka rubuta haka.

Asusun lafiya na taimakon juna

Ƙofa ta uku ita ce mituwel, wato asusun lafiya da mutanen gari ɗaya ko ƴan sana'a ɗaya ke kafawa, su ne masu shi, su ke zaɓen shugabanninsa. Kuɗin shiga kaɗan ne, ba a kafa shi don riba ba, kuma tsarinsa ya fi kusa da abin da muka saba a asusu. Waɗanda ke da shakku ta fuskar addini a kan inshorar kamfani sukan fi natsuwa da shi, tunda gudummawa ce ake haɗawa don a agaza ma wanda ciwo ya kama.

Ƙarfinsa yana ga ƙananan abubuwa: ganin majo a CSI, maganin zazzaɓi, magungunan da ba na tambari ba masu sauƙin kuɗi. Rauninsa kuma shi ne babban ciwo, don abin da ake tarawa ba ya kai wa can. Ba kowace karamar hukuma ke da shi ba, kuma akwai waɗanda aka kafa da tallafin wani shiri suka durƙushe bayan shirin ya tafi. In akwai shi a garinku, ku tambayi shekara nawa ya yi yana aiki, mutum nawa ne suka biya bana, ko likitar da suka ƙulla da ita tana karɓar katinsu har yau, kuma ko maganin tansiyo da na sukari na kowane wata yana ciki. Ku tambayi mace biyu ko uku da suka taɓa zuwa da katin, su ne za su gaya muku gaskiya.

Akwatinmu na kanmu

Ga mafi yawanmu, abin da ke hannu shi ne ƙungiya. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, tsarin ya zo da akwati mai aljihu biyu: na ajiya da bashi, da na taimako. Sai dai a wurare da yawa aljihun taimako suna da biki da gaisuwar mutuwa ne ke cinye shi. Shawarata ita ce a ware na uku, na lafiya zalla.

Mu yi lissafi. Mata 25, kowace dala ashirin a sati, wato sefa 100. A sati jikka 2 da rabi, a shekara jikka 130. Wannan kuɗi zai iya riƙe maganin wata-wata na ƴan mata kaɗan, ya biya motar kai marar lafiya gari, ya biya kuɗin farko a ƙofar asibiti. Tiyata guda ɗaya kuwa tana iya share shi. Amma ƙungiya goma in suka haɗa nasu, miliyan 1 da jikka 300 ne a shekara, kuma ba duka za su kwanta lokaci ɗaya ba. Inshora ba ta wuce wannan ba, yawan masu zubi shi ne ƙarfinta. Ƙungiyoyin da ke cikin haɗaka ɗaya su kai maganar taron haɗakarsu.

Don akwatin ya daɗe, a rubuta dokokinsa tun kowa na da lafiya. Kuɗin lafiya ba a ba da shi bashin sana'a, kome kyan ribar. Ba a raba shi ranar fasa asusu, yana tsallakawa shekara mai zuwa. A sa iyakar abin da mace ɗaya za ta iya samu a shekara. A fayyace wa ya shiga: memba kaɗai, ko da mijinta da uwarta? In aka ce kowa da kowa na gida, wata uku ba zai yi ba. Ana fitar da kuɗi ne da takardar likita da rasi, ba don maganin masu yawo da tire a kasuwa ba. A amince da mutum uku da za su iya buɗe shi cikin dare ba tare da jiran ranar taro ba, su kawo bayani a zama na gaba. In ya yi yawa, a kai shi ajiya inda ƙungiya ta amince, kada ya kwana ƙarƙashin gado.

Akwai doka ɗaya da nake roƙon kowace ƙungiya ta duba. Mace takan yi shekara goma sha biyar tana zubi, sai ƙarfi ya ƙare, sana'a ta tsaya, ta kasa kawo kuɗin sati, kunya ta sa ta daina zuwa. Ta fita ke nan a daidai shekarar da ta fi buƙatarmu. Ku ba irin waɗannan iyayen damar tsayawa a akwatin lafiya ko sun bar na ajiya, da rabin zubi, ko ɗansu ya riƙa biya musu. Ƴan shekara talatin na cikinmu kada su ga kamar asara ce. Dokar da suka kafa ma Inna yau, ita za ta same su.

Yadda za a haɗa su

Ba dole ne a tsaya ga ƙofa ɗaya ba. Mai fansho ko mai ɗa da ke aikin albashi tana iya sayen inshorar da ta ɗauki kwanciya da tiyata, ta bar maganin wata ga fanshonta. Mai ƙaramar sana'a ta shiga mituwel in akwai mai rai, ta riƙe akwatin ƙungiya don abin da ya wuce shi, ta kuma ware tunkiya ɗaya ko biyu da kowa a gida ya san na ciwo ne, ba na biki ba.

Ƴaƴan da ke birni ko ƙetare su ma a zauna da su. Yaro ya fi son a ce masa "kowace shekara jikka kaza za ka turo na katin mahaifiyarka" da a buga masa waya ƙarfe biyun dare a ce ya nemo jikka ɗari uku kafin gari ya waye. Lokacin biya ma a zaɓe shi: da kaka, ko ranar fasa asusu, sa'ad da kuɗi ke hannu. Wadda ta bari sai damina za ta tarar rumbu ya yi ƙasa, ga zazzaɓin cizon sauro ya shigo, kati kuma ya mutu.

Aikin zama mai zuwa

A taronku na wanga sati, bayan an gama zubi, shugaba ta ware minti ashirin. Kowace mace da ta haura hamsin ta faɗi layin da take ciki, da nawa magani ke ci mata a wata in tana sha. Wadda ba ta son faɗi a gaban jama'a ta gaya ma sakatariya a gefe. A tura mutum biyu CSI da ofishin magajin gari su tambayo ko akwai mituwel mai aiki a yankin. A sa ranar da duka ƙungiya za ta je a auna mata jini da sukari tare, don tansiyo yakan daɗe a jiki ba tare da alama ba. Sannan a yanke nawa za a fara zubawa a akwatin lafiya, ko dala goma ce.

Ƙungiyar da ta riga ta gwada irin wannan akwati, ta aiko mana da dokokinta da abin da ya ba ta wahala, mu buga don wasu su amfana. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu tsufa cikin rufin asiri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.